Maistor Tihomir Zai Rufe Gareji

Ko yanzu da hannuwansa suka daina yi masa biyayya, Tihomir Gajić ba ya barin rana ta riga shi tashi. Yakan ɗora gahawa, ya yanki burodi da cuku ya ci a tsaye kamar mai jiran mota, sannan ya ratsa tsakar gida ya buɗe garejin da ke bayan gidansa, a nan gangaren garinmu Topola. Shara ce farkon aikinsa. In ya gama sai ya bi sifanu yana gogewa da tsumma, har waɗanda ba a taɓa su jiya ba. Daga nan ya ja kujera bakin ƙofa ya zauna, duk motar da ta wuce sai ya karkata kunne.

Aikinsa Fica ne, 'yar ƙaramar motar nan mai inji a baya, wadda iyayenmu suka sha cusa mata iyali da buhun kabeji a tafi ƙauye. Duk wanda injin Ficarsa ya gaji, wurin maistor Tihomir ake tura shi, maistor kuwa shi ne yadda muke kiran gwanin sana'a. Zai sauke tsohon injin, ya ɗora na motar Yugo wanda ya fi ƙarfi, ya daidaita shi da giya, ya mayar da lagireto gaba don kada mota ta yi zafi a hawa. Sai dai yana da sharaɗi guda da ba ya sassautawa. Ba ya ƙara wa mota ƙarfi sai ya fara canza mata birki da ƙafafu. Samari sun sha yi masa tsiya a kan haka. Wani ya taɓa ce masa, "Maistor, inji na zo nema, ba wa'azi ba." Shi kuwa bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ga ƙofa nan, ita ba ta wa'azi."

Baƙi sukan ɗauka taurin kai ne na tsufa. Mu 'yan gari mun san inda abin ya samo asali.

Ɗa guda Allah ya ba shi da matarsa Kosara, sunansa Mladen. A garejin nan ya yi rarrafe, a nan ya girma. Da ya zama saurayi ya samu tasa Ficar, shuɗiya, ya matsa wa ubansa a sa mata babban inji. Shekarun wahala ne, kayan gyara sun yi ƙaranci, Tihomir ya ce a dakata har a samo birkin da zai iya riƙe ta. Haƙurin saurayi gajere ne. Mladen da amininsa Zlatko suka kai motar rumfar wani ɗan'uwansu a bayan gari, suka yi aikin da kansu a ɓoye, kuma aikin ya yi kyau, domin ɗan maistor ne ya yi shi. Wata Lahadi da rana suka fita gwaji a hanyar da ke gangarowa daga gonakin inabi. A kwanar ƙarshe birki ya kasa. Zlatko ya faɗo waje da karayar ƙafa. Mladen bai fito ba.

Waɗanda suka je wurin sun ce Tihomir bai yi kuka ba. Ya zagaya bayan motar, ya daɗe yana duban injin, sannan ya ce da wanda ke kusa da shi, "Ni na koya masa wannan." A wurin jana'iza Zlatko ya zo yana dogara sanda, ya tsaya can baya. Tihomir bai zage shi ba, bai kuma dube shi ba. Da ƙafar ta warke yaron ya tafi Ostiriya neman aiki, aka daina ganinsa.

Garejin ya ci gaba da zama a rufe har hunturu ya shiga. Wadda ta sa aka buɗe shi Milanka ce, ma'aikaciyar jinyar da ke hawa ƙauyukan kan tudu tana yi wa tsofaffi allura da wankin ciwo. Injin Ficarta ya mutu, ta sa aka turo mata ita har ƙofar gidan Tihomir cikin ƙanƙara. Ya fito ya gaya mata ya rantse ba zai sake taɓa Fica ba. Milanka mace ce da ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce ta san zafinsa, ita ta yi wa Mladen rigakafi yana jariri, amma akwai tsohuwa a kan tudu da ƙafarta ke ruɓewa. "In ba za ka gyara ba, maƙwabci, sai ka durƙusa ka goya ni, don yau sai na je." Ya koma ciki. Kosara ce ta fito da mabuɗin garejin ta miƙa wa Milanka.

Da birki ya fara. Motar nan ta yi ta hawa da sauka har Milanka ta yi ritaya, kuma tsofaffi da yawa sun mutu a kan gadonsu da tsaftataccen bandeji saboda ita.

Kai ne, maistor, wanda baƙin ciki bai mayar da shi mugu ba. Kai ne ka kori masu saye da hannunka alhali gidanka na bukata, ka yarda a kira ka tsoho mai gardama, don kada wata uwa ta yi zaman da Kosara ta yi a bakin taga. Akwai magidanta a garin nan masu furfura da jikoki, waɗanda suka fita garejinka suna ƙunƙuni suna samari, ba su san abin da ka tare musu ba.

Kosara ta rasu shekarun baya. Ba a daɗe ba rawar hannu ta kama shi. Da farko yakan ɓoye hannun a aljihu, daga baya noti ya riƙa kuɓuce masa, likita ya ce abin ba ya komawa baya. Ya rage karɓar aiki, har ya zama sai shara da goge sifanu.

A bazarar da ta wuce ne wata mota ta tsaya a ƙofarsa tana jan Fica fara a tirela. Wani mutum mai furfura ya sauko yana ɗingishi. Tihomir ya gane tafiyar kafin ya gane fuskar. Zlatko ya cire hula ya tsaya, bai shigo ba. Ya ce 'yarsa ce ta ƙwallafa rai a kan motar, ta saya da guminta, tana son a sa mata inji mai ƙarfi, ya hana ta ya gaji. Ya ce a can Ostiriya akwai gareji ko'ina, amma ya kasa barin kowa ya taɓa ta. "Ita za ta tuƙa, kawu Tihomir. Ita kaɗai gare ni."

Tihomir ya fito da hannuwansa daga aljihu ya ɗaga su suna kaɗawa, ya ce, "Ka makara. Duba."

"Ga nawa," in ji Zlatko.

Haka suka yi aikin, tsoho a kujera yana faɗa, ɗayan a ƙarƙashin mota yana yi. Maƙwabta sun ce makonni suka shuɗe ba a jin komai daga garejin sai "ɗaure" da "sassauta" da "ba wannan ba, jaki, na kusa da shi." In rana ta take sukan ci abinci a benci guda, kowa na duban kwanonsa. Ranar da suka ɗora injin, Zlatko yana goge hannu, sai tsohon ya yi tambayar da ya riƙe tun ranar jana'iza. Ya ce, "Mladen ya ji tsoro?"

Zlatko ya zauna a ƙasa. Ya ce bai samu lokacin jin tsoro ba. "Dariya yake yi, kawu. Yana ɗaga murya saboda ƙarar inji, yana cewa in baba ya ji wannan ba zai iya yin fushi ba."

Tihomir ya tashi ya nufi famfo, ya daɗe yana wanke hannun da bai taɓa mai ba.

Ranar gwaji shi ya zaɓi hanya. Tun rasuwar ɗansa bai sake bin gangaren gonakin inabi ba, ko da zai yi dogon zagaye. Ya zauna a gefen direba, ya ce a hau, aka hau, ya ce a juyo. Da suka doso kwanar Zlatko ya fara rage gudu, tsohon ya ce kada ya rage. Sai da suka zo daf ya ce, "Taka birki." Motar ta tsaya cak, ba ta karkata ba. Wani mai gona da ke wurin ya ce sun daɗe a ciki inji na aiki, sannan ya ga Zlatko ya kifa kai a sitiyari, tsohon ya ɗora masa hannu a ƙeya.

Wannan ce Fica ta ƙarshe da ta fita daga garejinsa. A ƙarshen watan nan zai rufe ƙofa, lokacin da ake gasa jan barkono a gidaje. Ba shi da magaji. Kayan aikin ya ce a raba wa duk makanikin da ke so.

Mun gode, maistor Tihomir. Mun gode da motocin da ka tayar, mun kuma gode da waɗanda ka ƙi taɓawa. Ku masu tasowa a wannan sana'a, in kun je karɓar sifana, ku karɓo har da sharaɗinsa, ku koyi cewa a'a ko da mai mota zai fita yana zaginku. Ku kuma da kuke yawo a motocin da suka bi ta hannunsa, ku riƙa biyowa ta layinsa. Ba ya son yabo, in kun fara zai shige gida. Ku dai tsaya a ƙofar, ku bar injin yana aiki. Zai fito ya saurara.