Kusurwar da Aka Binne Mabiyiya

Daga Salaga aka kawo ni Bawku aure. Maigidana albasa yake kaiwa kudu, ni kuma ina suyar ƙosai a ƙofar gida. Gidan da kuɗin banki ya gina shi, takardun filin ma suna can a wurinsu jingina. Shekarun da sidi, kuɗinmu na Gana, yake ta lalacewa ke nan, abin da ka saya jiya yau sai ka ƙara.

Da na haifi 'yata ta fari, surukata ta zo daga Yendi wankan jego. Ita ta binne mabiyiya a kusurwar tsakar gida, ta ɗora dutse a kai, ta ce yaro duk inda ya yi yawo, inda aka binne masa nan zuciyarsa take komawa. Na riƙe maganar nan fiye da yadda ta yi zato.

Yarinya ba ta fara tafiya ba na ga maigida ya sauya. Duk ƙarshen wata in ya dawo daga banki, sai ya ture tuwo. Da na matsa masa ya ce abin da ake biya ne yake ta hawa, in ya gaza za a karɓe gidan. Ni ba ɗakuna na tuna ba, dutsen nan na tuna, da baƙin da za su riƙa zubar da ruwan wanki a kansa.

Akwai wani akawun bankin da yake tsayawa sayen ƙosai da safe. Na daɗe ina jin nauyinsa, ran nan dai na daure.

"Malam, mu fa ba mu ƙara karɓar ko kwabo ba. Me ya sa biyan yake ƙaruwa?"

Ya ce, "Uwar gida, kuɗin da muka ba ku ba duka ne namu ba. In namu ya gaza, wajen wani banki muke ranta a babban birni, Ankara, shi ma da ruwansa. Yanzu bankuna kowa tsoron kowa yake ji, sun tsauwala wa juna. Abin da aka ɗora mana, shi muke ɗora muku."

Na ce, "Kamar in wakena ya yanke na ranto mudu wajen maƙwabciya, ta ce in mayar mata da tozo?"

"To ke wa yake biyan tozon?"

Na dubi ƙosaina. Ya ɗaga ƙosai ɗaya ya juya shi a rana. "Ashe shi ya sa kwanan nan ya koma kamar ƙwan zabo."

Muka yi dariya, amma tasa ba ta yi nisa ba. Ya ce shi ma rufin ɗakinsa da irin wannan rancen ya yi, kuma takardar da yake miƙa wa mutane, irinta ake miƙa masa. Daga ranar na daina ɗaure masa fuska.

Fahimtar dai ba ta rage mana komai ba. Damina ta ruɓar da albasa a hanya, banki ya yarda a sayar da rabin gidan a rage bashin. Wani mai sayar da shanu daga Kulungugu ya saya.

Ranar da magini ya zo ja igiya don katangar da za ta raba mu, ina tsaye da goyo. Igiyar ta bar dutsen a ɓangarensu. Ban taɓa sa baki a maganar maza ba, amma ƙafata ce ta kai ni, na taka igiyar.

Maigida ya ce, "Ke, lafiya?"

Na ce a karkata ta.

Magini ya ce in an karkata nan, sai a ba su madafa a can.

Na ce a ba su.

Mai sayen ya dubi dutsen, ya dubi goyona, bai tambayi komai ba. Ya ce wa magini, "Yi yadda ta ce. Nawa ma suna can ƙauye a ƙarƙashin duwatsu."

Katangar ta fito a karkace, har yau masu wucewa suna zagin magini. Na yi shekaru ina girki a fili, in hadari ya taso in kwashi murhu da gudu, maigida yana cewa ai ni na zaɓa. Da na haifi na biyu, surukata ta zo, ta duba gefen dutsen, ta ce akwai sauran wuri.