Tasnim, Ba Ajuji Ba

Ko da zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye carbina, ba na jin satin da aka yi sunan 'yata zai taɓa fita daga raina. Shekaru sun ja, amma in na rufe ido har yanzu ina jin ƙamshin ganyen darbejiya a cikin ruwan zafi.

Ni 'yar Gummi ce. Tun ina sakandare nake haɗiyar littattafan soyayya ba ji ba gani. A ƙarƙashin hijabi nake ɓoye su, ina hura wuta ina karatu, kuma tuwon da na ƙona saboda su Allah kaɗai ya san yawansa. A tunanina na lokacin, mace ba ta cika ba sai tana da suna mai daɗi da saurayi mai mota wanda zai kwanta ciwo saboda ita. Wata rana wani littafi marar bango ya faɗo hannuna. Labarin na manta shi sarai, amma a shafin farko marubuciyar ta ce ta sadaukar da shi ga 'yarta, Tasnim. Na maimaita sunan a bakina ya fi a ƙirga. Ban taɓa jin mai irinsa ba, a unguwarmu ko a makaranta. Ban san ma'anarsa ba, ban kuma damu in sani ba. Daɗinsa kawai nake ji, kamar ƙarar awarwaro. A ranar na yi wa kaina alkawari: in Allah ya ba ni 'ya mace, sunanta ke nan.

Mai motar bai zo ba. Wanda ya zo manomi ne mai babur daga wani ƙauye a ƙasar Anka, bai iya kalamai irin na littafi ba, amma yana da dariyar da ta sa na manta da mota. Muka yi aure, na tare a gidansu tare da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Allah ya ba mu 'ya'ya maza biyu a jere.

Sai zinari ya shigo ƙauyen. Maza su ɗauko dutse daga rami, mu mata mu daka shi a turmi a tsakar gida. Ni kaina na daka, da ƙaramin a bayana, babban yana wasa da ƙasa a gefen ƙafata. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin ƙurar. A damina ɗaya yarana biyu suka tafi, wata guda tsakaninsu, dukkansu da jijjiga. Daga baya likitoci suka zo suka yi bayani, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka hana daka dutse a cikin gari. Inna ta saurari bayanin duka, ta gyaɗa kai, amma a zuciyarta ta riga ta yanke: ni mai wabi ce, wato macen da 'ya'yanta ba sa zama.

Bayan shekara uku na haifi mace. Tun kafin a yanke cibiya sunan ya dawo bakina.

Sai dai a wurinmu akwai abin da ake yi wa ɗan mai wabi. Ranar suna da safe, tsohuwar gidan za ta ɗauki jaririn ta kai shi juji ta ajiye, kamar ba a son sa, sai wata ta zo ta tsince shi. Daga ranar ake kiran sa Ajuji. Wai in mutuwa ta ga ba a damu da shi ba, sai ta wuce. Sunan yankan kuwa binne shi ake yi. A ƙauyenmu akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, har ta yi jikoki Ajuji ake ce mata, ko 'ya'yan cikinta ba su san sunanta na gaskiya ba.

Kwana biyu da haihuwa na ji Inna tana gaya wa ungozoma a bakin ƙofata, da murya yadda zan ji: "Wagga ɗiya juji za ni kai ta. Ba ni sake sakaci."

Surukar kirki ba ta ja da uwar mijinta. Don haka sai na bi ta wurin maigidana. Da ya shigo ganin jaririyar na gaya masa sunan da nake so. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, mi yake nuhi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Ina kika samo shi?" Na ce a littafi. Ya yi dariya har jaririyar ta motsa, amma ya kai wa Inna maganar. Ina jin ta daga ɗaki.

"Tas... mi? Sunan mutum ne ko na ƙwayar da likitoci ka ba yara? Ku je ku raɗa mata abin da kuka ga dama, ni dai Ajuji na sani. Ɗiyar wabi ba a yi mata sunan gayu, ido ya ka jawowa."

A rana ta huɗu na matsa masa ya je ya tambayi Liman. Ya dawo bayan la'asar yana murmushi yana kaɗa kai. Ya ce da ya faɗi sunan, Liman kallon sa ya yi ya ce, "Kai, ashe bulalar da ka sha a makarantar allo a banza ta tahi?" Ashe sunan yana cikin Alƙur'ani, a Suratul Muɗaffifina, cikin ƙananan surorin da duk muka haddace tun muna yara. Liman ya ce masa Larabci ne tsantsa, sunan wani marmaro ne a Aljanna wanda bayin Allah makusanta ke sha. Asalin kalmar daga tudu take, dangin kalmar da Larabawa ke kiran tozon raƙumi da ita, domin ruwan daga sama yake gangarowa. Ya ce suna ne mai kyau, mutanenmu ne dai ba su saba sa shi ba. Game da juji kuwa, cewa ya yi camfi ne, amma shi iyakarsa zaure, abin da mata ke yi a cikin gida ba ya gani.

Kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina riƙe da sunan a matsayin wani abin ado da na tsinto daga birni, alhali na sha wanke shi daga allona da hannuna.

Jajibirin suna da hantsi, Inna na yi mini wankan jego a bayan ɗaki. Tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini a baya. Wataƙila don ba ma kallon juna ne na samu ƙarfin hali. Na ce, "Inna, don Allah ina da magana." Ta ce, "Hwaɗi." Na gaya mata duk abin da Liman ya ce.

Ganyen ya tsaya. Ta ce, "Ruwan Aljanna? Ke ɗiyar nan kina da hankali kuwa? Biyu sun tahi can, ta ukun ma sunan can za ki sa mata, don ta ji ana kira ta bi su?"

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Duk kalaman da na haddace a littattafai ba wanda ya zo mini. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, su suna shan nasu a can. Mu ma a bar mana namu a nan."

Ta mayar da ganyen cikin ruwan. Can ta ce, a hankali, "Yara ƙanana ma suna sha?" Na ce ban sani ba, amma ina kyautata wa Allah zato. Ta ce, "Ni na wanke su, su biyun. Ke kina kwance ba ki san inda kike ba. Ƙaramin bakinshi a bushe yake." Ta ci gaba da fyaɗa mini ganyen. A ranar na fara gane cewa ba ni kaɗai na yi rashi a gidan ba.

Washegari aka raba goro a zaure, aka yanka rago, maroƙi ya leƙo ya sanar da suna. Sai da ya faɗa sau biyu kafin bakinsa ya daidaita, mata suna ta dariya. Dariyar ba ta gama ba Inna ta shigo ɗakina, ta miƙo hannu. Na ba ta jaririyar, don ba ni da ikon hanawa. Ta fita, ungozoma na bin ta a baya don ita ce za ta tsinta. Ni kuwa na rarrafa na leƙa ta tagar da ke kallon bayan gida.

Ta isa bakin jujin. Ta sunkuya. Na ga zanen jaririyar ya kusa taɓa toka. Sai ta tsaya a haka, a sunkuye, ta daɗe, har ungozoma ta ce, "Aje ta mana, Inna, rana na yi." Inna ta miƙe, ta ƙara rungume ta, ta ce da ƙarfi yadda duk matan suka ji, "Ƙasar ga ta ci mani biyu. Ba ni ba ta aron ta uku, ko na ƙiftawar ido."

Ta dawo ta zauna a bakin gadona, ta buɗe fuskar jaririyar, ta ce, "Ke, sake hwaɗa mani sunan, a hankali." Na faɗa. Ta gwada, ta kuskure, ta sake gwadawa. "Tasnimu," ta ce. "To, Tasnimu, kin zo ke nan. Zama za ki yi, kin ji ko?" Na juya fuskata bango na yi kukan da ban samu yi ba shekara uku.

Ta kuwa zauna. Yanzu tana makaranta a Anka, doguwa ce, mai surutu, kuma na kama ta da littafi a ƙarƙashin hijabi ba sau ɗaya ba. Sunan da a da ba mai iya faɗa, yau ya fara yawo. Wata 'yar'uwar maigidana a Bukkuyum ta sa wa tata, maƙwabciyarmu ma haka, kuma ran nan Tasnim ɗin ta dawo tana fushi wai an kawo wata mai sunanta ajinsu. Har Inna ta bar duniya, duk wadda ta tambayi ma'anar sunan ita ke karɓewa ta yi bayani, har da tozon raƙumin, kamar ita ta samo shi.

Abin da satin nan ya koya mini shi ne, suna ba kwalliya ba ce, addu'a ce da za a yi ta maimaita wa yaro kullum har ƙarshen ransa, don haka kafin ka so shi, ka san abin da kake roƙa. Na kuma koyi cewa tsohuwar da ta kafe a kan wata al'ada, sau da yawa ba taurin kai ba ne, tsoro ne irin naka, ita dai ta riga ka ɗanɗana shi. In ka same ta ka yi mata magana a kan abin da take tsoro, ba a kan al'adar ba, za ka sha mamakin abin da za ta iya saki da hannunta.