Hannuna a Kan Sikkina

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka canja wa babbar kwamfutarmu manhaja ba, ko da yake ni ko maɓalli ɗaya ban danna ba a ranar. Ku sababbin ma'aikata kuna ganina da furfura da carbi, kuna cewa Amm Garba, wato Kawu Garba, mutumin kirki ne. To ku gyara zama.

Kafin yaƙi ne, cikin tsananin zafin bazara. Makarantarmu tana bayan Kasuwar Umdurman, ana koya wa ɗalibai baƙi Larabci kafin su shiga jami'a, yawancinsu daga Nijeriya da Nijar. Muƙamina a takarda farrash ne, wato mai shara da kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Amma da yake ni Bahaushen unguwar Mayo ne, ni ne tafintan sababbin ɗalibai, ni ne mai tada janareta, makullan gidan duka suna aljihun jallabiyata. Karatuna allo ne da aji biyu na firamare, na biyun ma ban ƙarasa ba.

A ƙarshen baranda akwai wani ɗan ɗaki da aka ajiye kwamfutar da suke kira saba. Ba wanda ke zama gabanta. Sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawa, da takardun da ake kai wa ofishin fasfo don sabunta ikama, wato izinin zama a ƙasa, duk a cikinta suke. Kusa da ita akwai akwatin batir, aikinsa ya riƙe ta idan an ɗauke wuta har a tada janareta.

Mai kula da ita Bashmuhandisa Nafisa ce, wato injiniya, 'yar Hausawan unguwar Aljirif. Ba kullum take zuwa ba, sai an kira ta. Ita ta gaya wa mudir, wato shugaban makarantar, Ustaz Attayyib, cewa manhajar da ke tafiyar da sabar ta tsufa. Masu yin ta sukan fitar da wata mai dogon zango, su ɗauki alkawarin toshe mata kafa shekara biyar, tamu kuwa wa'adinta ya cika. Mudir ya yi ta ja mata rai wata da watanni, har sai da shafin da ake cike takardun ikama ya daina karɓar tsohuwar. Ga shi ranar Lahadi ce ranar ƙarshe ta kai takardun rukunin wannan shekarar. Wanda ba a kai tasa ba, ba zai zauna jarrabawa ba, wataƙila ma a ce ya koma gida.

Ranar Alhamis ta zo ta kwafe komai a wani ɗan faifai. Za ta tafi sai ta tsaya ta dube ni.

"Kawu, akwatin batirin nan lafiya yake? Da na saka shi minti arba'in yake riƙewa."

Na ce, "Tamam yake, 'yata. Kamar sabo."

Ga gaskiyar yanzu. Shekara uku, duk ranar da aka ɗauke wuta kuma mudir ya hana tada janareta don tsimin jaz, wato man da yake sha, sai in ja wata doguwar waya ta ƙarƙashin ƙofa in jona na'urar sanyaya ruwa a jikin akwatin nan. Wani lokaci har da fanka. Kowa ya sha ruwan sanyi ya sa mini albarka. Batir kuwa yana ta lalacewa. Wata guda kafin wannan ranar na gwada shi da carbina: ban kai ƙarshen zagaye na biyu ba ya mutu, saba ta mutu tare da shi. Na danna maɓalli ta tashi, na naɗe wayata na ɓoye, ban gaya wa kowa ba. Janaretanmu kuwa tsoho ne, sai ka zagaya bayan gida, ka lallashe shi, ka jira ya yi tari ya daidaita. Minti biyar ke nan in ya ga dama.

Na gaya wa kaina ranar Asabar da safe ba sa ɗauke wuta a unguwarmu. Da wannan na yini ranar Juma'a.

Asabar ƙarfe tara muka buɗe, mu huɗu: ni, Bashmuhandisa, mudir, da Malam Sani, wani magidanci daga Maraɗi, shugaban ɗaliban rukunin, wanda ya kasa zama a ɗakinsa don takardarsa tana cikin waɗanda ake jira. Ta zauna ta fara. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon farin rubutu yana gudu a baƙin allo.

Ta ce, "Kawu, bari in gaya maka don ka sani. Yanzu tana sauko da sababbin kaya ne, ko an tsaya ba komai. Amma in na danna wannan, za ta fara cire tsofaffi tana saka sababbi. Kamar ɗaki ne da aka yaye rufinsa ba a ɗora sabo ba. In wuta ta yanke a nan, ba tsohuwa ba sabuwa."

"Ai kin kwafe komai," in ji ni, murya can ƙasa.

"Na kwafe. Amma kafin in sake gina ta daga tushe in mayar da komai, sai Talata."

Malam Sani ya ce, "Talata kuma? Allah ya kiyaye."

Ina tsaye ina ji ta danna.

Na fita ƙofar gida wai in sha shayi in samu natsuwa. Mai shayin da ke gindin bishiya tana zuba mini tana cewa, "Ya Haj, ka ji sun juya jadawalin ɗauke wuta? Yau da safe ne namu. 'Yan layin maƙera tun ɗazu suke zaune ba wuta."

Ban san inda na ajiye kofin ba. Dabara ɗaya ta zo mini: in tada janareta tun yanzu, ya yi ta aiki a banza, in an ɗauke wuta sai in ja sikkina kawai. Sikkina ita ce hannun ƙarfen nan da ke jikin bango, wanda ke raba wutar gari da ta janareta. Sama gari, ƙasa janareta. Na zagaya na tada shi a sace. Sai dai janaretanmu ba ya iya sirri. Bai gama tari ba mudir ya fito da gilashi a goshi.

"Ya Garba! Ga wuta kana ƙona mini jaz? Ka san kwana nawa aka yi a layi kafin a samu jarkar nan? Kashe shi."

"Ustaz, gwada shi nake."

"Ka gwada, yana aiki. Kashe. In an ɗauke, batir zai riƙe minti arba'in, ba haka ka ce ba?"

Na kai hannu kan makashin. Ina iya kashewa in yi shiru, in wuta ta yanke in ce ikon Allah ne, batir ya tsufa. Ba wanda zai kama ni. Sai na hango Malam Sani ta taga, ya zauna a kan benci ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Mutumin nan gonarsa ya bar wa ƙaninsa ya zo karatu.

Na ce, "Ustaz, mu je wajen Bashmuhandisa. Sau ɗaya nake so in faɗa, ba zan iya sau biyu ba."

Na faɗa musu duka, har wayar na ciro na nuna. Bashmuhandisa ta cire hannu daga kan tebur ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Minti nawa yake riƙewa?"

"Carbi ɗaya da rabi."

"Kawu, da agogo."

"Minti ɗaya. Wata guda ke nan da na gwada. Yanzu Allah ya sani."

Mudir ya fara: shekara goma sha tara yana ba ni amana, makullai, kaza da kaza. Ta katse shi da Larabci, cikin ladabi amma ba wasa. "Ustaz, ruwan sanyin da kake sha ana zaune ba wuta, daga Makka kake tsammani ake kawo shi?" Ya sauke gilashinsa ya hau goge shi.

Ta ce ba a tsayar da aikin yanzu. Ba ta kuma so a koma janareta da gangan, don ko wannan ɗan tsakanin batir ne zai riƙe, ba za ta yi cacar da ba a tilasta mata ba. A bar janareta yana aiki. Ni kuma in tsaya a jikin sikkina, idona a kan ƙwan da ke samanta, wanda wutar gari ke kunnawa. Ƙwai na mutuwa in ja ƙasa.

"Kada ka saki, Kawu. Ko wa ya kira ka."

Sikkina tana bayan gida, jikin bangon da rana ke duka, taku uku daga janareta. Na kama ta da hannun dama wajen ƙarfe goma saura. Hayaƙi a hanci, ƙara a kunne, ƙarfe ya ɗau zafi. Idona ya yi ta ruwa don kallon ƙwai, har na fara ganin ya mutu bai mutu ba. Sau biyu saura kaɗan in ja. Lokaci lokaci Malam Sani yakan leƙo ya ce sabar ta wuce rabi, ko ya ce ta tsaya tana tambaya ko a bar wani tsohon tsari ko a canja, Bashmuhandisa tana karantawa a hankali.

Ƙarfe sha ɗaya lokacin fatur, wato karin kumallo, ya yi. Ku da kuka zo daga gida kun riga kun gani: a nan in fatur ya yi, aiki tsayawa yake, a zauna a kwano ɗaya, kuma ba a barin mutum a tsaye ana ci. Mudir da fushinsa da komai bai iya ci ya bar ni ba. Sai ga shi da kansa ɗauke da kwanon ful, wato dafaffen wake, an zuba man riɗi har yana ƙyalli, ga gurasa, Malam Sani yana biye da kujera. Suka ajiye a gabana.

"Bismillah, ya Garba. Faɗa daban, abinci daban."

Na ce na ƙoshi. Ya rantse. To in babba ya rantse a kan abinci, ya za ka yi? Kuma ba a ci da hagu. Sai na yi wayo irin nawa: na mayar da hannun hagu kan sikkina, na tsoma dama a kwano.

Loma ta uku ƙwai ya mutu.

Daga cikin gida na ji akwatin batir ya fara kuka, na ji Bashmuhandisa ta ƙwala, "Kawu!" Na ja da hagu. Sikkina ta ƙi motsi. Tsohuwa ce, mai tauri, hagu ba ta taɓa jan ta ba. Na cafko ta da dama, hannu duk mai, ya zame, na tafi da baya na zauna a cikin kwanon. Kukan batir ya canja, ya koma sauri sauri, irin wanda na sani, na dab da mutuwa. Na miƙe, na naɗe hannu da gefen jallabiya, na rataya a jikin ƙarfen da duk nauyina. Ta faɗo ƙasa da ƙara. Janareta ya yi nishi ya ɗauka.

Kukan ya tsaya. Ba wanda ya san ko don wuta ta zo ne, ko don akwatin ya mutu. Mu uku muna tsaye muna kallon juna, wake yana zuba daga bayana. Malam Sani ne ya iya ɗaga ƙafa ya je taga.

"Bashmuhandisa?"

"Tana tafiya," in ji ta. "Ku bar ni."

Wajen azahar ta kira mu. Saura mataki ɗaya: a kashe saba a tashe ta da sabuwar manhaja, a nan ake sanin ko aikin ya yi. Allo ya yi baƙi. Ya daɗe a baƙi, har mudir ya fara salati a bayyane. Sai rubutu ya fito. Ta shiga, ta buɗe shafin ikama, ta nemo sunan Malam Sani, ta buga takardarsa ta miƙa masa da ɗuminta. Ya karanta sau biyu, ya fita waje da ita.

Ranar Lahadi aka kai takardun duka. Ranar Litinin mudir ya karɓi makullin ɗakin saba daga hannuna, ya rubuta mini takardar gargaɗi, ya sa Malam Sani ya karanta mini da Hausa don kada in ce ban gane ba. Ban yi musu ba. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar Bashmuhandisa da take haɗa jakarta. Ta ce laifin rabi nata ne, kamata ya yi ta zare filogi ranar Alhamis ta gwada da idonta. Sannan ta ce, "Da ka faɗa mini tun da safe, da a kan janareta za mu fara, ko in aro wani akwatin. Minti goma ne."

Abin da na koya game da masu wannan aikin ke nan. Abin da ya lalace ba ya ba su tsoro, kullum da shi suke kwana suke tashi, sun san yadda za su kewaye shi. Abin da ke karya su shi ne wanda aka ce musu lafiyarsa ƙalau. Saboda haka in injiniya ya tambaye ku ko kun taɓa wani abu, ku faɗa tun yana tsaye da jakarsa a kafaɗa, kafin ya zauna ya danna. Kunyar lokacin ƙarama ce. Ni na jira, sai da na yi tawa a gaban mudir, da wake a gindi.