Azumin da Na Yi wa Maigida

Shekarar da Turawa suka kwashi 'yan dako don yaƙinsu, an ce ƙauyenmu na gefen Gagarawa ma sai ya ba da nasa. Mai gari ya duba ya duba, bai ga wanda ba shi da mai tsaya masa ba sai mijina. Aka tasa ƙeyarsu zuwa Gumel, daga can Kano, daga nan kuma sai dai muka ji wai sun hau ruwa. Ya bar ni da goyo, da uwarsa da ido ya fara gaza mata, da rabin rumbun gero.

Ba ni da abin da zan kai wa malami ya yi masa addu'a. Cikina kaɗai na mallaka, shi na bayar. Na ɗaura niyyar azumin Litinin da Alhamis har ranar da zai dawo da ƙafafunsa. Matar limaminmu, da na je wa neman shawara, ta ja mini kunne. "'Yar nan, irin wannan azumi ba a faɗa," in ji ta. "Ranar da kika buɗe baki, kin zubar da ladan a ƙasa." Na ɗaure maganarta a bakin zane.

Shekara biyu da 'yan watanni ina yi. Wanda ya san zurfin rijiyoyin ƙasarmu ya san abin da ake nufi da jan guga cikin bazara da bakin azumi. In yi surfe, in yi daka, in tuƙa wa surukata tuwo, in ce mata ni cikina ba daɗi. Nonona ya janye, na yaye yaron kafin lokaci, dangin ubansa suka ce ganda ce ta hana ni shayarwa. Na haɗiye, don ina ganin kowace yunwa tawa tana kare shi daga wani harsashi.

Ya dawo bayan girbi, da jan bargo da tarin da bai tafi da shi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke kuwa me ya cinye ki haka?" Na ce zazzaɓi ne.

Sai labarai. Kullum bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika. Cikin duk abin da ya gani a bakin teku, wanda ya fi so shi ne labarin matan Indiyawa masu kantuna. Wai suna da rana ɗaya a shekara da matan aure ke yin azumi don mazansu su yi tsawon rai. Su ci ado, su yi lalle, ko ruwa ba sa sha sai wata ya fito. Mace ta leƙa wata ta cikin rariya, ta leƙa fuskar mijinta, sannan ya ba ta ruwa da hannunsa. Ya faɗa a gida, ya faɗa a kasuwar Maigatari, ya faɗa wa duk baƙon da ya sauka. Rana ɗaya fa! Ita ma da ado, kowa yana kallo. Ba matan nake jin haushi ba, Allah ya sani. Mazansu dai sun san an yi.

Ranar da ƙanwarsa ta zo daga Sule Tankarkar ya sake ɗauko labarin, ina gefe ina tankaɗe. Da ya kai ƙarshe sai ya nuna ni da haɓa. "Waɗannan su ne mata," in ji shi. "Namu kuwa, ka juya baya sai ci da barci."

Ban san lokacin da na dire rariyar ba. Na faɗa masa duka, Litinin da Alhamis, rijiya, yaye. Ina faɗa ina jin ladan yana zubewa, amma na kasa tsayawa. Abin da nake so bai fi ya ce sannu ba.

Ya gyara bargonsa. Sannan ya ce, "Da izinin wa? Mace tana azumin nafila ba da izinin mijinta ba?"

Daga baya liman ya aiko matarsa ta gaya mini cewa mijin da ba ya gari ba a neman izininsa. Me wannan zai tsinana mini? Lada na zubar da bakina, sannu kuma ban samu ba.

Damina ta gaba tarin ya kwantar da shi, har aka fara kiran dangi. Ƙanwarsa ta same ni a madafa tana hawaye. "Matar yaya, ki sake yi masa irin na wancan karon mana." Na ce mata ban nemi izini ba, kuma ba zan nema ba. Na yi jinyarsa yadda ya kamata, amma safe da rana na ci na ƙoshi.

Ya warke sumul, ban rasa ko loma ɗaya ba. Ashe ko ba yunwata zai rayu. Wannan ya fi maganarsa yi mini ciwo, kuma har yau bai daina ba.