Gwangwanin da ke jikin mabuɗi

Shekarar da mahaifina ya rasu na je Garwa na ɗauko Inna, mahaifiyata. Ba ta so tahowa ba. Na ce mata a Duwala zan riƙa ganinta kullum, ga jikarta kuma za ta ɗebe mata kewa. Daga ƙarshe ta ɗaure kayanta.

Ɗaki da falo muke haya a unguwar New Bell, ni da matata da 'yarmu, a gidan wata Hajiya haifaffiyar unguwar. Gidan cike yake da 'yan haya, masai kuwa ɗaya ne, can ƙarshen tsakar gida. A unguwarmu ruwa na kusa da ƙasa, rami ba ya yin zurfi, damina na sauka yake cika. Motar kwashewa kuma ba ta iya shiga lungunmu. Don haka Hajiya ta sa wa ƙofar masan kwaɗo, mabuɗin yana wurinta. Ta ɗaura masa gwangwanin tumatir da tsakuwa a ciki, wai don kada wani ya sa a aljihu ya manta. Duk mai buƙata sai ya je ƙofarta ya tambaya da bakinsa, ya ratsa tsakar gida gwangwani na ƙara. A kan hanyar ne ɗanta da abokansa ke shimfiɗa tabarma suna dafa shayi.

Mu mun saba, har ba ma jin ƙarar. Inna kuwa a gidanmu na Garwa masai yana bayan zana, ko ni da ta haifa ban taɓa ganin shigarta ba.

A makon farko matata ce ke karɓo mata mabuɗin. Ranar da matata ta tafi kasuwar Dakar, nan cikin Duwala, sayen kayan miya, Inna ta je da kanta. Ina ɗaki, ina ji.

"Sannu da hutawa, Hajiya. Abin nan nake so."

"Wane abu? Abubuwa da yawa gare ni."

"Mabuɗi."

"Encore? Kuma dai? Ba ɗazu aka karɓar miki ba? Tsohuwa, me suke ba ki ne haka? Nan ba dajin Garwa ba ne, rami ne, cika yake yi."

Gwangwani ya fara ƙara. Wani daga cikin samarin ya ce, "Bon voyage, Mama, a gaida mutanen can!" Suka kwashe da dariya. Inna ba ta jin Faransanci, amma dariyar ta ji.

Da yamma na sami Hajiya na roƙe ta ta bari in yanka wani mabuɗin saboda tsohuwa. Ta ce, "In na bar ka, gobe kowa ya kawo min tsohuwarsa. Malam, in gidan bai yi maka ba, ga Bonamoussadi can, kowane ɗaki da bayan gidansa." Ta san ba ni da halin Bonamoussadi. Matata ta sayo fo ta ajiye a bayan labule. Inna ta dube shi ta ce ba za ta rayu ta ga surukarta na ɗaukar mata wannan ba.

Bayan 'yan kwanaki ta fara azumi. Ta ce na Litinin da Alhamis ne. Daga baya ta ce akwai ramuwa a kanta tun zamanin haihuwa. Da ramuwar ta ƙare ta ce tana yi ne Allah ya kai ladan kabarin mahaifina. In an kira magariba sai ta ci dabino, ta kurɓi ruwa kaɗan kamar mai shan magani, ta ture kofin. Ga zafin Duwala da mutum ke jiƙewa da gumi yana zaune. A kasuwa ina ba abokaina labarin ibadarta, suna cewa in roƙa musu addu'a wurinta.

Leɓɓanta suka tsattsage. Ta koma yin salla a zaune. Wata safiya ta kira ni da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa, sai muka ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya ja fatar hannunta, fatar ta tsaya a tsaye. Ya ce ƙodarta ta daina aiki, ya tambaye mu ko babu ruwan sha ne a gidanmu. A baranda matata ta ce min, "Tun ranar dariyar nan ba ta sake taɓa gwangwanin da rana ba. Sai in ta tabbata babu kowa a tsakar gida take tura ni in karɓo mata mabuɗin." Ba a yi mako ba Inna ta cika.

Ranar da muka fara zaman makoki Hajiya ta cire kwaɗon, ta sa aka wanke masan da sabulu, don kada baƙi su raina gidanta. Ƙofar ta wuni a buɗe. Samarin shayi su suka yi ta shimfiɗa wa mutane tabarmi. Hajiya ta zo da lulluɓinta mai kyau ta zauna kusa da matata, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Allah ya jiƙan tsohuwa. Wallahi ban taɓa zama da mai tsafta irinta ba. Wata da watanni ba ta dame ni da mabuɗi ba."

Mutane suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Washegarin sadakar uku kwaɗo ya koma. Har yanzu muna gidan. 'Yata ta fara girma, ta fara sa mayafi in za ta ratsa tsakar gida. Rannan ta dawo daga makaranta rigarta sharkaf da gumi, na miƙa mata kofin ruwa. Ta dubi wajen tabarmar samarin, ta ce, "Baba, ba na jin ƙishi."