Ranar da Na Taka Totur da Karyayyiyar Ƙafa

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ƙarar da Baba ya yi a bayan motar nan. Ba ihu ba ne, wani ɗan "wash" ne gajere, amma tun da nake ban taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Nan take gabana ya faɗi.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga kwaleji ba. Baba direba ne a wani kamfanin Nasara mai sayen gyaɗa a Maraɗi, kuma da yake bai samu ɗa namiji ba, ni yake koya wa tuƙi a fili bayan gari, inda ba idon gardawan kumandan, wato 'yan sandan Baturen mulki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata. A kakar shekarar na faɗo daga kan rumbu, ƙafata ta dama ta karye a idon sawu. Wani tsoho mai ɗori a Jiratawa ya ɗaure ta da karare da tsumma. Ranar da nake ba ku labari mun koma ya duba, ya ce ƙashi ya fara kamawa, sannan ya ɗaga mini yatsa.

"Kar ki taka ta sai wata ya kama. In kika taka, gurguwa za ki tashi, kuma kar a kawo mini ke."

A hanyar komawa muka tsaya Baba ya yi azahar. Motar irin ta da ce, sai an juya ƙarfe a gaba take tashi. Ya juya ta tashi, ya zagaya ya cire dutsen da ya tare taya da shi. Ashe kububuwa na kwance a ƙarƙashinsa, ta sare shi a hannu.

Ya ɗaure damtsensa da rawani, ya shigo ya kama sitiyari, amma hannun ya ƙi. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya dubi ƙafata, ya kawar da kai. Na san ba zai taɓa roƙona ba.

"Baba, matsa."

"Uwata, kin ji abin da tsohon nan ya ce."

"Na ji. Matsa."

Farkon tafiyar da ɗan sauƙi, don da yatsu kawai nake dangwalar totur. Abin da nake tsoro shi ne kwarin rairayin da ke gabanmu. Kowane direban Maraɗi ya san dokar wurin: ka shiga da ƙarfi, kar ka ɗaga ƙafa sai ka fita. Wanda ya sassauta, mota ta kafe. In ta kafe ta mutu, wa zai juya ƙarfen? Ni da ba na iya tsayuwa, ko Baba da jini ya fara fito masa ta dasashi?

"Giya ta biyu," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Kome kika ji, kar ki ɗaga."

Na yi bisimilla na danna da duk tafin ƙafar. Har yau ban sami kalmar da zan faɗi zafin nan da ita ba. Na ji karare na ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, sai kuma wani ƙas da na san ba na kara ba ne. Idona ya yi duhu. Wasu mata ɗauke da tulunan Jiratawa suka watse gefe, ɗaya na zagina, ni kuwa ina ta karanta duk surar da ta zo bakina. Motar na ta gurnani tana karkata, kamar za ta tsaya, sai na ji tayoyin gaba sun kama ƙasa mai tauri.

Ban san yadda na ratsa gari ba. An dai ce da na iso ƙofar likita ban iya taka birki ba, sai da motar ta daki tarin yashi ta mutu. Aka ɗauki Baba aka yi ciki da shi, ni kuma aka ɗora ni kan benci aka kwance abin da ya rage na ɗorin. Na ƙi kallon ƙafar. Ƙofar ɗakin da aka sa shi kawai nake kallo.

Ana kiran la'asar lokotoro, wato babban likitan, ya fito, wani dogon Bature, yana yi wa mai fassara magana da Faransanci. Ban jira fassara ba, na ji da kunnena: allurar maganin dafin ta kama, mutumin zai rayu. Ya juyo ya lallatsa ƙafata, ya ce ƙashin ya goce amma za a gyara, zan taka da ita, sai dai ɗan ɗingishi. Mai fassarar, wani dattijo, ya sunkuyo kusa da ni.

"Ɗiyata, saki ranki. Kun tsira, ke da shi."

Sai a lokacin kuka ya zo mini.

Ɗingishin yana nan, kuma har yanzu in na ji mota na gurnani cikin rairayi sai tsoron ranar ya dawo mini. Amma Baba na zaune a zaure yana jan carbi. Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya jiran a kore shi kafin mutum ya yi abin da ya wajaba. Da shi na shiga kwarin nan, da shi na fita, ban dai ɗaga ƙafa ba.