Kyanwoyi Biyu da Ƙofar Saman Bene

A shekarata ta biyu a Riyad na fara kula da dabbobin mutane, kuma ba da niyya na fara ba. Maigidana yana aikin ba da magani a wani asibiti mai zaman kansa, ni kuwa ina zaune a gidan haya a unguwar Nasim, daga kicin sai falo. A jikin igamata, wato takardar zama, an rubuta ƙarara cewa ba a yarda in yi aiki ba. Yaranmu biyu suna Kano wajen mahaifiyata saboda makaranta. Idan ya fita da safe, ban da ƙarar esi, na'urar sanyaya ɗaki, babu abin da nake ji har la'asar.

Wata likita 'yar ƙasarmu da ke bene ɗaya da mu ce ta fara kawo mini kyanwarta, za ta tafi hutu gida. Wata guda na riƙe ta. Da ta dawo ta tarar ta yi ɓul-ɓul har tana ƙin bin ta, sai ta kai labari asibiti. Kafin zafi na gaba ya shigo, wayar gidanmu ta fara ƙara saboda ni. Wata nas 'yar Labanan ta bar mini kanarinta, ta riƙa bugowa daga garinsu wai in kara wayar a keji ta ji kukansa. Wata Baturiya ta rubuto mini takarda shafi biyu a kan yadda za a taje gashin kyanwarta. Karnuka ne kawai na ƙi tun farko. A hankali na koyi tambayoyin da ake yi kafin a karɓi dabba: me take ci, ina take ɓuya idan ta tsorata, wa zan kira idan ta ƙi abinci. Wasu a kawo mini su gida, wasu kuma masu su ba sa son a ɗaga su daga inda suka saba, sai a ba ni makulli. Irin waɗannan maigidana ke kai ni bayan la'asar, ya zauna a mota yana jin rediyo har in fito.

A haka sunana ya kai kunnen wata mata da kowa a asibitin ke kira Madam. Mijinta ƙanin mai asibitin ne, mai asibitin kuwa shi ne kafilinmu, wanda zamanmu a ƙasar yake hannunsa. Da maigidana ya gaya mini tana nemana, ya ce, “Wannan ba wadda ake ce wa a'a ba ce. Ki je ki yi abin da ta ce, ki dawo.”

Gidan yana unguwar Shifa, a wani layi da babu kowa a waje sai katangu dogaye. Kyanwoyi biyu ne, farare masu yawan gashi. Madam ta zagaya da ni ƙasa, ta nuna mini gwangwanayen abincinsu da akwatin yashinsu da esin falon da ba a kashewa saboda su. Sati shida za su yi a waje, ita da mijinta da yara. Da za ta miƙo mini makullai, sai ta tsaya ta zare ɗaya daga zoben ta jefa a jakarta.

“Aikinki a ƙasa yake,” ta ce da Larabci, a hankali yadda zan gane. “Sama babu komai. Kada ki hau.”

Na ce to.

Kwana uku na farko ban ga wani abu ba. In buɗe ƙofa, in cire abaya, in zuba abinci, in sauya ruwa, in kwashe yashi, in zauna da su kaɗan. Amma gidan bai yi mini kama da gidan da babu kowa ba. Rana ta huɗu ina wanke kwanonsu na rufe famfo, sai na ci gaba da jin ruwa yana gudu a cikin bango, daga baya ya tsaya. Na ce wa raina tankin sama ne yake cika. Washegari na nemi babbar kyanwar na rasa. Na duba ƙarƙashin kujeru, na duba bayan labule, sai na ji kukanta can sama. Na tsaya a ƙasan matakala ina kiranta, ta ƙi saukowa.

Idan na tafi na bar ta ba ta ci ba, ni za a tambaya. Da wannan na lallashi kaina na hau. Na wuce hawan ɗakunan kwana, duk a rufe, na ga wata ƙaramar matakala ta ci gaba zuwa rufin gida. Zafi ya dake ni tun daga rabi, don can esi ba ya kaiwa. A ƙarshenta akwai ƙofar ƙarfe da kwado, da 'yar taga mai sanduna a daidai fuska. Kyanwar tana zaune a gindin ƙofar, ta kafa hanci a ƙasanta.

Na sunkuya zan ɗauke ta, sai na ga yatsu biyu sun leƙo ta ƙarƙashin ƙofar suna shafa mata kai.

Ban san lokacin da na ce innalillahi da ƙarfi ba. Yatsun suka koma da sauri. Can sai wata fuska ta bayyana a bayan sandunan. Mace ce, za ta kai shekara arba'in, siririya, ta ɗaura tsohon ɗankwali, leɓenta duk ya tsage. Ta ɗora yatsa a baki.

Da guntun Larabcinta da guntun nawa muka fahimci juna. Shagalar gidan ce, wato mai aiki, daga Indunisiya. Ɗakinta yana kan rufin. Duk shekara idan za su yi tafiya haka ake rufe ta, don kada ta gudu. An bar mata buhun shinkafa da gwangwanayen kifi da risho, akwai famfo. Amma esin ɗakinta ya mutu tun kwana biyu da tafiyarsu, ruwan famfon kuwa da rana ba ya taɓuwa saboda zafi. Na tambaye ta ko in kira wani. Ta girgiza kai da ƙarfi har ɗankwalinta ya zame.

“Madam ta sani, matsala,” ta ce. “Ke matsala. Ni matsala babba.”

A mota, sai da muka hau babban titi na faɗi abin da na gani. Da na gama faɗa, maigidana ya kashe rediyo, ya daɗe yana kallon hanya.

“Ba ta ce kada ki hau ba?”

“Ta ce. To yanzu na hau, Alhaji. Mutum ce fa a can, a wannan zafin.”

“Na ji. Idan muka kira 'yan sanda, tambayar farko da za su yi ita ce me kike yi a gidan, da makullin mutane a hannunki. Me za ki ce? Ta biyu kuma, gidan wa ne?”

Mun kusa gida sai ya juya mota ya tsaya a wata bakala, wato ɗan kanti, ya fito da ƙanƙara leda biyu da ruwan roba, muka koma Shifa.

Haka muka shiga yi kullum. Fanka ba ta shiga ta sandunan, mun gwada. Ƙanƙara kuwa sai na farfasa ta ƙanana in tura a leda. Ina kai mata gurasa da lemo da kankana yankakkiya, wani lokaci tuwon da na yi da rana, ta ci tana dariya ba ta san ko mene ne ba. Ta nuna mini hoton 'ya'yanta mata uku ta tagar. Ta ce shekara huɗu ba ta gan su ba. Rannan na tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da ƙofar, ta kasa miƙewa, muryarta kawai nake ji. Na sauka da gudu na kira maigidana. Ranar ce kaɗai ya shiga gidan. Ya tsuguna a bakin ƙofa yana yi mata tambayoyi, ya haɗa ruwan gishiri da sukari muka tura mata, muka zauna a matakala har ta iya ɗago kai. Ya daɗe yana juya kwadon nan a hannunsa. Na san fasa shi yake tunani, shi ma ya san na sani. Ya sake shi.

Da muka fito, mai gadin gidan da ke kallon nasu yana tsaye a bakin ƙofarsa. Bai amsa sallamarmu ba. Ya bi motarmu da ido har muka sha kwana.

Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara da hantsi. Madam ce, muryarta tana zuwa daga nesa. Ta tambayi kyanwoyi, na ce lafiya lau suke. Ta tambaya ko suna ci, na ce suna ci.

“Ke kaɗai kike shiga gidan?”

Na ce maigidana ya shiga sau ɗaya, ya taya ni ɗaukar kaya.

“Wane kaya?”

Na ce yashi. Sannan ta ce, “Mijinki mutumin kirki ne. Kowa yana yabonsa a asibiti.” Ta ajiye.

Ranar ban iya cin abinci ba. Da la'asar muka je, sai muka ga wata babbar mota a ƙofar gidan, ƙofar kuma a buɗe. Maigidana ya ce in tsaya, na ce idan ban shiga ba ya fi muni. A falo na tarar da wani mutum cikin farar jallabiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ƙaramar kyanwar tana cinyarsa. Ya ce shi yayan Madam ne. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Ya miƙo hannu ya ce makullai, na ba shi. Ya ce igama. Na ciro daga jaka na ba shi. Ya buɗe, ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa. Ya kai yatsa daidai inda aka rubuta ba a yarda in yi aiki ba, ya bar shi a wurin na ɗan lokaci, sannan ya rufe ya miƙo mini.

“An gode. Daga yau mu za mu kula da su.”

Daga inda nake tsaye ina hango matakala. Haske yana saukowa daga can sama, irin wanda ban taɓa gani a wurin ba, alamar ƙofar ƙarfen a buɗe take. Ledar ƙanƙara tana hannuna tana ɗiga a kan kafet.

Na ce, “Matar da ke sama fa?”

Ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. “Wace mata?”

Na fita.

Watanni muka yi muna jiran abin da zai biyo baya. Duk ranar da maigidana ya makara, sai in tsaya a taga. Duk takardar da aka ba shi a ofis, sai ya zauna kafin ya buɗe. Babu wanda ya ce masa komai. An sabunta kwantiraginsa a kan lokaci. Ya yi ƙoƙarin bincikawa ta wajen direbobin asibiti. Wani ya ce an mayar da ita ƙasarsu, wani ya ce an kai ta gidan uwar Madam a wani gari, wani ya ce shi bai taɓa sanin akwai ta ba.

Na ci gaba da aikin, amma na sauya abu ɗaya. Ba na karɓar makullin gida sai mai gidan ya zagaya da ni ko'ina, har rufi, ya buɗe kowace ƙofa na gani da idona. Wasu suka yi dariya suka buɗe. Mutum biyu suka ji haushi suka fasa ba ni aikin, ban kuma neme su ba.

Da zafi ya sake zagayowa, wata ranar Laraba ina yanka albasa waya ta yi ƙara. Madam ce, da fara'arta, kamar jiya muka rabu. Ta ce za su yi tafiya, kyanwoyin sun saba da ni, sabuwar shagalar da suka kawo ba ta iya da su ba. Na tambaye ta ko da shagalar za su tafi. Ta ce wannan ba ya cikin aikina.

Na ce mata bana zan je gida ganin yara. Ƙarya na yi, ba mu da shirin tafiya. Amma da maigidana ya dawo na gaya masa, bai zauna ba ya koma ya yanko mini tikiti, na yi wata biyu a Kano.